Ƙarar da Baba Bai Ji Ba

Babur ɗina ya girmi aurena, ya girmi babbar 'yata, kuma in ka bi ta bakin Baba har hankali ya fi ni. Shi ya ba ni shi lokacin da na buɗe shagon aski. Ya ce tunda na ƙi kanikanci na zaɓi wasa da gashin mutane, aƙalla kada a riƙa ganina ina gantali a ƙasa kamar wanda ba shi da uba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini, cewa babu hannun da zai taɓa injin sai nasa. Na amsa da rawar jiki, don wa zai ƙi gyara kyauta?

Baba bakaniken babura ne tun kafin a haife ni. Rumfarsa ce ta farko a layin gareji da ke bayan kasuwa, kuma duk wanda ka gani a layin yana riƙe da sifana, ko dai Baba ne ya koya masa, ko wanda Baba ya koya wa. Oga suke ce masa, har masu furfura. Abin da ya yi suna da shi kuwa kunne ne. In inji ya soma wata ƙara da aka rasa kanta, wurinsa ake turo shi. Sai ya ɗauko doguwar sukundirebarsa, ya kafa bakinta a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Ya matsar da ita sama, ya matsar ƙasa, ya ɗan murɗa totur, sannan ya faɗi abin da ya lalace tun ba a kwance ko noti ɗaya ba. A buɗe a tarar haka ne. Ina yaro na ɗauka duk uba haka yake.

To, kunnen nan ne ya soma tafiya. Ba rana ɗaya ya tafi ba. Da farko rediyo ce ta yi ta ƙara murya a ɗakinsa har maƙwabta suka daina kunna tasu. Sai ya koma cewa mutanen yanzu ba sa buɗe baki in za su yi magana, ƙunƙuni kawai suka iya. Mu kuma a gida muka ɗauki wata hanya ba tare da mun zauna mun shirya ba: kowa ya ɗaga murya, kowa ya yi kamar haka muryarsa take tun asali. Inna, wadda a da ba ka jin maganarta daga tsakar gida, ta koma kamar mai talla. A gareji ma haka. Kanikawan layin suka daina turo masa injin da ke ƙara, suka riƙa turo masa aikin birki da sarƙa da wanke kafireta, aikin da ido da hannu suka isa. Babu wanda ya ce masa komai, shi ma bai ce wa kowa komai ba.

Wata safiya na ɗauki yara zan kai su makaranta, sai na ji wani abu a ƙarƙashina yana ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana buga cokali a gindin tukunya. Na ce ko murfin sarƙa ne ya saki. Na tsaya na jijjiga shi, yana nan daram. Na sake tayarwa, ƙarar ta dawo, kuma daga cikin injin take fitowa.

Ƙaramar 'yata ta ce, "Abba, akwai wani a ciki yana son a buɗe masa."

Na sauke su na wuce rumfar Baba. Na tarar da shi zaune a kan tsohuwar taya yana goge fulogi, tabarau a kan karan hanci. Na gaishe shi da muryar da muka saba, wadda ake ji har rumfa ta uku.

Ya ce, "Auta, me ka yi masa kuma?"

Na ce, "Ƙwanƙwasa yake yi, Baba."

"Me?"

"ƘWANƘWASA!"

Ya harare ni ya ce ba sai na tara masa jama'a ba, ya ji tun farko. Ya sa na kafa babur ɗin a tsakiyar rumfa na buga kik. Injin ya tashi, ƙarar ta cika wurin. Mai faci da ke maƙwabtaka da shi ya ɗago kai. Wani da ke wucewa da galan a hannu ya rage tafiya. Baba ya ɗauko sukundirebar ya kafa a saman injin, ya manna kunne, ya rufe ido kamar yadda ya saba. Ya sauko da ita tsakiya, ya kai ta ƙasa. Ya daɗe, har na soma sa rai.

Ya miƙe ya ce, "Lafiyarsa ƙalau."

Babur ɗin kuwa yana ta ƙwas-ƙwas a gabansa. Mai faci ya sunkuyar da kai ya shiga neman wani abu a cikin bokitin ruwa. Mai galan ya ƙara sauri. Ni na yi tsuru-tsuru, na rasa inda zan sa idona.

Na ce, "Baba, amma akwai..."

Ya katse ni. "Kunnenka ne ya cika da kukan injin aski. Ka wuni abu yana zuuu a hannunka, ai dole ka riƙa jin abin da babu."

Duk da haka bai sallame ni haka ba. Ya bari injin ya huce, ya buɗe murfin sama ya daidaita bawul da hannu. Ya tsiyaye baƙin man a kwano, ya tsoma yatsa ya murza, ya fita da shi rana ya duba da kyau ya ce babu garin ƙarfe a ciki. Ya zuba sabo. Na sake tayarwa, ƙarar tana nan ko gezau. Ya dafa tankin ya ce, "Ka ji yadda ya kwanta? Tafi wurin aikinka." Na yi godiya na tafi, ƙwanƙwasar tana bina har ƙarshen layi, kuma na san kowace rumfa tana saurare.

Da na gaya wa matata, ba ta tsaya dogon tunani ba. Ta ce in kai wa wani ya gyara a ɓoye, Baba ba zai sani ba, shi ke nan. Ita komai a wurinta mai sauƙi ne in ba danginta ya shafa ba. Na yi ta juya maganar, ƙarar kuma kullum ƙaruwa take, har abokan cinikina suka daina tambaya ko na iso, tun daga kwana suke jin zuwana. Rannan dai na rufe ido na nufi wurin Cinnaka.

Cinnaka ɗan tsurut ne mai kaifin baki, shi ya sa sunan ya bi shi. A hannun Baba ya tashi, kuma duk layin an yarda shi ne ya gaji kunnen. Rumfarsa tana can ƙarshe, inda Baba ba ya hangowa, na kuma bi ta baya don kada a gan ni. Ban gama tsayawa ba ya ɗago daga ƙarƙashin wani babur yana girgiza kai.

"A'a, Auta. Juya da shi."

"Ai ko gaisawa ba mu yi ba."

"Ina kwana, ina gajiya, ya iyali. Juya da shi. Babur ɗin Oga ne."

Na ce nawa ne, ni nake zuba masa mai, ni nake shan kunya a kansa. Ya ce wannan matsalata ce. Ya ce a layin nan babu mai sa sifana a injin da Oga yake riƙe da shi, ko da Oga ya yi tafiya ne, balle yana zaune ga shi can. Na ce ba zai gane ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ba zai gane ba? Mutumin da in ya kalli noti ya san wanda ya ɗaure shi? Kai dai aski ka iya."

Na ce to ya gaya mini abin da ya lalace kawai, ba sai ya taɓa ba. Ya kasa kunne ga injin, na ga bakinsa yana motsi kamar zai faɗa, sai ya haɗiye.

"Ina da zato. Amma Oga ya ce lafiyarsa ƙalau a gaban mutane. In na faɗi wani abu yanzu, na ƙaryata shi ke nan. Ni ba zan zama na farko ba."

Haushi ya kama ni. Na ce kenan wanda aka yarda ya gyara ba ya ji, masu ji kuma ba su yarda su gyara ba, ni kuma in yi ta yawo da ganga a gari. Ya ce haka ne, na gane karatun. Sannan ya daina wasa, ya matso kusa ya rage murya.

"Ka daina hawansa da nisa. Abin nan ci yake yi. In ya karye a ciki zai farfasa injin, kuma irin wannan ba a kawo kayansa yanzu. Ba babur ɗin nake ji ba ma. Ranar da ya fashe, kowa a layin nan zai tuna Oga ya ce lafiyarsa ƙalau. Yaran da suka shigo jiya su ma za su samu bakin magana."

Na gwada wani a layin, wanda a hannun yaron Baba ma ya koya, bai taɓa zama a rumfar Baba ba. Shi ko barina in kashe injin bai yi ba, ya ce in rufa masa asiri yana da iyali.

Na je wurin Inna, na same ta tana ninke wanki. Na zayyana mata komai, na ce ita ce ta fi kusa da shi, ta gaya masa kunnensa ya tafi. Ta kalle ni kamar na ce ta hau bishiya.

"Ni? Ina zaman lafiyata? Na taɓa cewa mu je a duba masa, ya yi kusan mako ba ya cin abincina da daɗin rai. Yayyenka kuma duk matsorata ne, a waya kawai suke da baki. Kai ne auta, kai kaɗai yake yafe wa rashin kunya. Ka yi amfani da ita ko sau ɗaya a inda za ta yi amfani."

Haka aka bar ni da aikin gaya masa. Na ajiye babur a gida na koma tafiya a ƙasa, abin da Baba ya ba ni shi don kada in yi.

Ƙarshen mako Baba yakan zo shagona in yi masa aski. Ya zo kuwa, ya zauna a kujera, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Shagon babu kowa sai mu biyu. Na yafa masa ƙyalle na soma. Kan Baba na san shi kamar tafin hannuna, tabon da salansa ta ƙone shi a bayan kunne, da inda gashi yake juyawa a ƙeya. Na aske gefe ɗaya, na zo daidai kunnen, sai hannuna ya tsaya.

Ya ce, "Ina babur? Ban gan shi a waje ba."

Na kashe injin aski na zagayo gabansa. Na san in ban faɗa yanzu ba, ba zan taɓa faɗa ba.

"Yana gida, Baba. Yana ƙwanƙwasa. Bai daina ba."

"Na gaya maka..."

"Baba, ranar da ka duba shi yana yi. A gabanka yake yi. Mai faci ya ji, masu wucewa sun ji, kowa ya ji. Kai ne ba ka ji ba."

Ya zuba mini ido, ni kuma bakina ya ƙi tsayawa, don abin ya daɗe yana cina. Na ce duk gidan ihu muke yi muna cewa hira ce. Na ce kanikawan layi sun daina turo masa inji mai ƙara, ko bai lura ba? Wannan ta ƙarshen ba ta cikin abin da na shirya faɗa, kuma tana fita na ga inda ta same shi.

Ya cire ƙyallen a hankali ya ninke ya ajiye a kan kujera. Ya kifa hularsa a kan da rabinsa aske rabinsa gashi, ya ja ta har kunne. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ka kai wa wani?"

"Na kai wa Cinnaka. Ya ƙi taɓawa."

"Me?"

Dole na sake faɗa da ƙarfi, har mai shagon kusa ya leƙo. Baba ya gyaɗa kai ya fita. Na zauna a kujerar da ya tashi, raina babu daɗi ko kaɗan. Na ji tausayinsa, na ji haushin kaina, na kuma ji haushin duk waɗanda suka bar mini aikin.

Kwanaki suka wuce bai neme ni ba. Inna ta ce yana fita gareji yana dawowa, ba ya kunna rediyo, ba ya cire hula ko a ɗaki. Ta ce ita dai ba ta ce in faɗa da yawa haka ba.

Sai wata safiya, rana ta fito amma ba a buɗe shaguna ba, aka buga mini ƙofa. Baba ne, cikin kayan aikinsa masu tabon mai. Bai amsa gaisuwata ba.

"Fito da shi. Kada ka tayar, ina son sa da sanyinsa."

Na turo shi waje. Ya karɓi kan babur ɗin ya hau gaba, ya nuna mini baya. Rabon da in zauna a bayan Baba tun ina ɗan makaranta.

Ya ce, "Ɗora hannunka a kafaɗata. In ƙarar ta zo, matsa. In ta ƙaru, ƙara matsawa. In ta ragu, sassauta. In ta ɗauke, saki. Kada ka yi mini magana, kada ka yi mini bayani, ba ka san komai ba. Matsawa kawai."

Ya buga kik. Ƙwanƙwasar ta zo, na matsa. Muka tsaya a wurin injin yana aiki a hankali, shi yana kallon gabansa, har zafi ya soma dukan ƙafata. Ya juyo da kai kaɗan.

"Ka sassauta ne ko hannunka ne ya gaji?"

Na sake matsawa kamar da, don ya san tana nan yadda take.

"To. Da fistin ne yake rawa a ɗakinsa, da ta ragu da ya yi zafi. Ba shi ba ne."

Ya damƙe kuloci ya riƙe. Ƙarar ba ta canza ba, ni ma ban canza ba. Ya saki, ya sake damƙewa, ya ce, "Ba kuloci ba ne." Da kansa yake magana, ba da ni ba.

Ya sa giya muka tafi. Ya bi ta titin da ya wuce asibiti ya nufi gada, inda hanya take hawa. A hawan ya ba shi wuta sosai, injin ya ɗauki nauyinmu yana gurnani. Na kasa kunne da duk ƙarfina, abin da ban taɓa yi wa inji ba. Ƙarar tana nan amma ta dushe, sai na sassauta. Muna kaiwa saman gada ya saki totur, ƙwanƙwasar ta fito tar, har kamar biyu-biyu take zuwa. Na damƙe kafaɗarsa da ƙarfi.

Ya ce, "Kai, a hankali! Ƙashi ne, ba kan mutane ba."

Ya sake murɗawa, na sassauta. Ya saki, na matsa. Ya yi ta yi, murɗa, saki, murɗa, saki, kamar mai koyon tuƙi, har wani mai mota ya yi mana hon ya wuce yana zagi. Baba bai ji ba, ni kuma hannuna ba shi da sararin ramawa. Kafaɗar tasa ta rame fiye da yadda na zata, ƙashi ne kawai a ƙarƙashin riga. Ban san lokacin da ta zama haka ba.

A gindin gada ya tsaya ya kashe injin.

"Da ka matsa ɗazu, guda-guda take zuwa ko tana ninkawa? Nuna mini a nan."

Ya miƙo tafin hannunsa. Na buga masa da yatsa yadda na ji, biyu a jere, tsayawa, biyu a jere. Ya rufe hannun.

"Fin ne. Ɗan guntun ƙarfen da yake riƙe fistin. Ya ci, yana wasa a raminsa. Da daga ƙasan injin ne, da na ga garin ƙarfe a mai rannan. Man kuwa tas yake, wannan idona ne ya gani, ba a yi mini gardama."

Na ɗauka gida za mu koma ya kwance shi a tsakar gida inda babu idon kowa. Sai na ga ya karya kan babur ya nufi bayan kasuwa. Lokacin an buɗe rumfuna, kowa yana fito da kayansa. Bai shiga ta bakin layi inda rumfarsa take ba, ya zagaya ya shigo ta ƙarshe, ya bi layin gaba ɗaya a giya ta ɗaya, babur yana ƙwas-ƙwas, ni ina bayansa hannuna a kafaɗarsa don bai ce in sauke ba. Cinnaka ya miƙe tsaye da sifana a hannu. Aka riƙa gaishe shi yana ɗaga hannu.

A rumfa ya bari injin ya huce, sannan ya kama aiki. Ya sauke tanki, ya cire salansa da kafireta, ya kwance kan injin, yana jera kowane noti a kan buhu bisa tsarin da ya fito. Na ce in taimaka, ya ce in riƙe kwano kawai kada in taɓa abin da zai ɓata. Da ya zare silinda fistin ya bayyana, ya kama shi da yatsu biyu ya ja sama ya tura ƙasa. Ya yi motsi, ɗan kaɗan, amma har ni da ban san komai ba na gani. Ya cire fin ɗin ya ɗaga shi a haske. Tsakiyarsa ta cinye, ta yi shuɗi-shuɗi saboda zafi.

Mutane sun taru ba tare da sun nuna taruwa suka yi ba. Wannan ya zo aron sifana, wancan ya zo tambayar famfo, babu wanda ya koma. Cinnaka ya karɓi fin ɗin ya juya shi a hannu.

Ya ce da ƙarfi, "Shi ne, Oga. Shi na zata."

Baba ya ce, "Ka zata, ka bar ɗana yana yawo a ƙasa."

Cinnaka ya sosa ƙeya, aka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya shiga can cikin rumfa inda yake tara tsofaffin injuna, ya daɗe yana birkice-birkice, ya fito da wani fin a naɗe cikin tsumma mai maiƙo. Ya gwada shi a ramin, ya shiga da ɗan tauri, ya jijjiga bai motsa ba. Ya ce an yi sa'a ramin bai buɗe ba, da an ƙara ko kaɗan da sai an tsaga injin gaba ɗaya. Ya yanka sabon gasket, takardar da ke toshe mahaɗar inji, da almakashi, ya mayar da komai, yana ɗaure notin kai a gicciye, kaɗan nan kaɗan can. Rana ta take kafin ya gama. Gumi ya jiƙa hular, amma bai cire ta ba.

Ya goge hannu ya ce, "Tayar."

Na buga kik bai tashi ba. Na sake, ya yi tari ya kama. Na saurara. Injin yana ta bugawa sumul, babu cokali, babu tukunya. Na murɗa totur na saki, na sake murɗawa na saki. Babu komai. Na sunkuyar da kai ina kallon injin don kada a ga fuskata.

Kowa a rumfar yana jiran Oga ya faɗi hukuncinsa kamar kullum. Baba ya tsaya a gefen babur ɗin, tsumma a hannu. Ya dubi Cinnaka, ya dubi mai faci, ya dubi sauran. Sannan ya yi magana da muryar da kowa zai ji.

"Auta, ni ba na jin sa. Ya daina?"

Kaina a ƙasa na ce, "Ya daina, Baba."

Ya sa yatsansa mai baƙin mai a haɓata ya ɗago fuskata, idonsa a kan bakina.

"Sake faɗa. Ban gani ba."

Na dube shi, na buɗe baki sosai, na sake faɗa masa a hankali.